Wasiƙa zuwa ga Babana a kan ci da lemon kwalba

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan ka sauka lafiya. Yayarka ta faɗa mini abin da ba ka so in ji. Kada ka riƙe ta a zuci, ni na matsa mata.

Yawan jin yunwa a shekara 13 ba laifi ba ne. Ƙashi na miƙewa, tsoka na cika, dole jiki ya nema. Yadda kake cin ne bai yi ba: ka tsallake karin kumallo, ka wuni ciki wayam, da dare ka zauna da waya a hannu kana kai loma ba lissafi. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai cinye kwano cikin minti biyar yake ƙara na biyu kafin ya san ya ƙoshi. Ka zuba rabonka a faranti, rabinsa kayan lambu, ka kife wayar, ka tauna sosai. In ka gama ka sha ruwa, ka dakata tukuna kafin ka nemi ƙari. Da safe ƙwai ko wake ko madara sun fi biskit riƙe ciki. Barci kuma awa 8 zuwa 10, don rashinsa na ƙara sinadarin da ke tada yunwa.

Duk wannan da sauƙi. Lemon kwalbar nan ne ke hana ni runtsawa. Gwangwani ɗaya na kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 an fi so kada ya wuce kamar giram 25 a rana. An ce uku kake sha! Ga shi sukarin da aka sha a ruwa ba ya riƙe ciki, sai ka ɗora abinci a kansa. Kai fa ka ga ƙafar mai sunanka da idonka, ka san ciwon sukari na bin jini, kuma yanzu har yara yake kamawa. Da na riƙa ƙwace kwalba a hannunka, cewa ka yi na tsane ka. To, gara ka yi fushi da ni da in sake zaman jinya irin wancan. Kana da hankali, ka daina yi kamar ba ka da shi.

Ban ce ka horar da kanka da yunwa ba, ita ce ke jawo haɗamar dare. Lemon kuwa, makon nan ka koma shan ɗaya a rana, mako mai zuwa sau biyu a mako. Ka samu awa ɗaya kullum kana motsa jiki. In ka ga ƙishirwa ta yi yawa, ko fitsari na tada ka da dare, ko bayan wuyanka ya yi baƙi da kauri, ka faɗa mini a ranar, ba zan yi faɗa ba, gwaji kawai za a yi.

Allah ya yi maka albarka, ya raya mini kai. Ina jiran kiranka.

Mamanka