Malam Edita, ku ba mu labarin Danilo Pereira tun daga inda ya sha wuya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Ni dai daga Garwa nake rubuto maka, nan arewacin Kamaru, kuma a waya nake karanta jaridarku tunda ta takarda ba ta iso mana. Ina da ƙorafi a kan shafin wasanni, dan Allah a yi haƙuri a saurare ni har ƙarshe.

Kullum in an buɗe shafin nan Ronaldo ne, ko wane ya ci ƙwallo nawa, ko wane an saye shi miliyan kaza, ko motar da wane ya saya. Ba laifi, mu ma muna so. Amma ni ina horar da yara ƙwallo da yamma a wani fili nan bayan unguwarmu, filin ƙasa ne ba ciyawa, ragar ma da sanduna muka kafa ta, kuma wallahi abin da kuke bugawa shi ne abin da yaran nan ke haddacewa. In na raba riguna kowa lamba 9 yake so ko 7 ko 10, rigar lamba 6, ta ɗan tsakiya mai tare hari, sai ta rage a hannuna kamar ba mai ita, sai na yi da gaske kafin wani ya karɓa yana kumbure-kumbure. Kuma duk cikinsu ba wanda bai ɗauka cewa da zarar ka taka ƙasar Turai shi kenan kakarka ta yanke saƙa ba. Shi ya sa nake roƙo ku ba da labarin wani ɗan tsakiya na Fotugal, Danilo Pereira, amma ku faro shi daga farko, kar ku fara daga hotonsa da rigar PSG, babban kulob ɗin birnin Paris.

Mu nan Garwa mun san Danilo ne ta dalilin ɗanmu Vincent Aboubakar. Tunda Aboubakar ya bar Coton Sport ya tafi Valenciennes a 2010, daga nan Lorient, har ya sauka Porto a 2014, gidajen kallo na garin nan suka koma bin gasar Fotugal wadda da can ba wanda ya damu da ita. Shekara ɗaya bayan haka, a 2015, Porto ta ɗauko wani dogon baƙin yaro daga Marítimo, ƙato, ba ya yawan hayaniya. Mun je kallon namu ne, amma ni idona sai ya riƙa komawa kan wancan, don ni ma wurin na buga a zamanina kuma na san wahalarsa. Za ka ga an taho da gudu za a karya Porto, sai kawai ka ga mutumin ya riga ya tsaya a inda ƙwallon za ta bi, ya sa doguwar ƙafar nan ya ɗauke, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma wurinsa. Ba wanda zai yi ihu a gidan kallo saboda wannan. Bayan taɓawa uku ko huɗu Aboubakar ko abokin gabansa Marega ya zura a raga, benci ya kife, ana ta tsalle, an manta daga ƙafar wa abin ya taso.

To ga inda ya fito. A Bissau aka haife shi a 1991, yana ɗan shekara biyar aka kai shi Fotugal, ya tashi a gefen birnin Lisbon, ya bi ƙananan ƙungiyoyi har ya shiga makarantar yaran Benfica. Duk yaron da ya ji an ce Benfica zai ce ai an gama. Ba a gama ba, Benfica ba ta ba shi wuri a babbar ƙungiya ba, a 2010 yana shekara 18 ya haɗa jakarsa ya tafi Parma ta Italiya. Can ma benci ya tarar, wasannin da ya buga musu a Seriya A ba su taka kara sun karya ba, aka ba da shi aro ga Aris ta ƙasar Girka, ya dawo, aka sake tura shi Roda a Holan. Ƙasa uku cikin shekara uku, kowace da yarenta da sanyinta da abincinta, yaro bai kai ashirin da biyu ba.

Kuma kar a ce ai bai iya ba ne a lokacin. A 2011 an yi gasar duniya ta ’yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya, Fotugal tana rukuni ɗaya da mu Kamaru, sun ci mu ɗaya da nema, har yanzu ina jin zafin wannan wasan. Ƙungiyar nan ta tafi har wasan ƙarshe ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba, sai a final ɗin Barazil ta doke su 3 da 2 bayan ƙarin lokaci, Oscar ne ya ci duka ukun. Danilo yana tsakiyar wannan katangar, har shi ya ci Faransa ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe. Wato duniya ta gan shi, ta san ya iya, amma duk da haka ya koma kulob ɗinsa ya ci gaba da zaman jira. In mai lambar azurfa ta gasar duniya, mai fasfo na Turai a aljihu, ya sha wannan, ina ga yaronmu da zai sauka da bizar wata uku?

Abin da ya fi burge ni a duk tarihinsa shi ne 2013. Ya dawo gida ya sa hannu a Marítimo, ƙungiyar tsibirin Madeira, tsibirin da aka haifi Ronaldo. Ba Benfica ba ce, ba Porto ba, ba Sporting ba. Da a nan ne da ’yan majalisa sun ce ya je Turai ya dawo hannu rabbana. Amma a nan ne ya samu abin da Parma ba ta ba shi ba, wato wasa duk sati, kaka biyu cur yana bugawa. A watan Maris na 2015 aka kira shi babbar tawagar Fotugal karon farko, wasan sada zumunci da Kef Bad, bayan ’yan watanni Porto ta saye shi. A ganina Marítimo ce ta yi Danilo, sauran duk girbi ne.

Malam Edita bari in gaya maka dalilin da abin ya tsaya min a rai. Ɗan yayata, yaro ne da na raina a filin nan tun yana buga ƙwallo ba takalmi, lamba 6 ne na gaske, Allah ya ba shi ido, kafin a ba da ƙwallo ya san inda za ta. Yana shekara 17 wani mutum ya zo, sanye da kaya masu tsada, wayarsa cike da hotunansa da ’yan wasa, ya ce yana da hanya zai kai shi gwaji a wani kulob a waje. Ya yanka kuɗi. Na ce a dakata, yaron nan ko gasar yankinmu bai gama bugawa ba, a bari ya yi kaka biyu a gida tukuna, aka ce ina yi masa baƙin ciki ne. Ubansa ya sayar da bijimai biyu, yayata ta sayar da keken ɗinkinta da take ciyar da gida da shi. Yaro ya tafi, wata na farko yana turo hotuna, daga baya waya ta yi shiru. Ashe su takwas ne a ɗaki ɗaya, duk irinsa daga ƙasashe daban-daban, ba kulob ba gwaji, mutumin ya kashe lambarsa, biza ta ƙare, ba ya iya fita da rana don tsoron ’yan sanda. Sai da muka yi karo-karo a dangi kafin ya dawo bayan kusan shekara, ya rame, idonsa ya faɗa. Takalman da ya tafi da su ya rataye su a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa, igiyarsu a ɗaure, duk sanda na shiga gaishe da yayata sai na gan su sun yi ƙura. Ya fi wata shida ko hanyar fili bai bi ba, in ana kallon wasa ya tashi ya fita.

Shi ya sa in na ga an buga hoton ɗan wasa da kofi ba a faɗi shekarun da ya yi yana yawo ba, sai in ji kamar ana taya irin mutumin can talla ne ba a sani ba.

Sauran labarin Danilo kun fi ni saninsa. Yana cikin tawagar da ta ɗauki kofin Turai a 2016, shi ya buga wasan kusa da na ƙarshe da Wales da aka dakatar da William Carvalho, aka ci 2 da nema. A wasan ƙarshe Ronaldo ya fita da rauni yana kuka, wanda ya ci Faransa a minti na 109 kuma Eder ne, shi ma haifaffen Bissau. Wannan ya dawo min a rai a Janairun 2022 lokacin da aka kawo rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau nan filin Roumdé Adjia a gasar kofin Afirka. Na je na kalli Gini Bisau da idona, sun yi ƙoƙari wallahi, amma suka tafi gida ba su ci ƙwallo ko ɗaya ba, ina zaune a kan siminti ina tunanin ’ya’yan ƙasar da suke ɗaga kofi da rigar wata ƙasa. Ban ga laifinsu ba, can suka tashi can aka koya musu, amma abin da ciwo.

A Porto ya ci gasar ƙasa a 2018 tare da Aboubakar ƙarƙashin Sérgio Conceição, bayan Benfica ta yi shekara huɗu a jere tana ɗauka. A wannan shekarar ce jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a watan Afrilu, gasar duniya ta Rasha ta wuce shi yana jinya, Aboubakar ma bayan ’yan watanni gwiwa ta kwantar da shi. Danilo ya warke ya dawo, ya zama kyaftin, ya sake cin gasa da kofin ƙasa a 2020, sannan ya tafi PSG a watan Oktoba. Karo na biyu kenan da ya fita waje, amma wannan karon yana shekara 29, da sunansa, su suka zo nemansa. Ko a can ɗin ba a bar shi a wurinsa ba, kocinsu Tuchel ya mayar da shi baya cikin masu tsaron gida, ya karɓa ya yi, ga Neymar ga Mbappé daga baya ga Messi, shi yana baya yana share musu. A Katar 2022 ya buga wasan farko da Gana, sai ya karya haƙarƙari uku a wurin atisaye. Ya ci gasar Faransa sau uku kafin ya wuce Al-Ittihad ta Jidda a 2024, can ma suka ɗauki gasar Saudiyya shi da Benzema da Kanté.

Ɗan yayata ya fara dawowa fili tun bayan sallah, da farko tsayawa yake a gefe hannu a aljihu, satin da ya wuce na ga ya sauko da takalman nan ya wanke su. Yanzu shekararsa 19. Na ba shi labarin Parma da Girka da Holan da baki, ya saurara, amma na lura kamar yana ganin lallashinsa kawai nake yi, magana ce ta kawu. In ya gani a jarida da Hausa zai fi yarda, su ma iyayen sauran yaran haka, don tuni na ji an fara raɗe-raɗin wani sabon mai hanya ya shigo gari.

Don haka dan Allah ku ba wani daga cikin marubutanku aikin nan, ya bi shekarun 2010 zuwa 2015 a tsanake, in da hali ma ku riƙa yin haka duk wata da wani ɗan wasa daban. Kuma in za ku sa hoto ku nemo nasa da rigar Marítimo, mai ja da kore, zan kai a fitar min da shi a takarda in manna a jikin sandar ragarmu ranar Asabar.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai horar da yara ƙwallo,
Garwa, Kamaru