Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Game da Bandejin Soso

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ba majinyatanku lafiya. Mun rubuto ne kan bandejin soso da muke sayarwa, irin su Mepilex da Allevyn da Biatain, domin kaya ne mai tsada, kuma ba ma son ku kashe kuɗi a banza.

Ba soson katifa ba ne, don Allah kada kowa ya yanko na gida ya ɗora a kan ciwo. Roba ce mai laushi, an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta kafin a liƙe ta a leda. Aikinsa ya tsotse ruwan da ciwo ke fitarwa, ya bar naman da ɗan danshi. Dukanmu mun tashi da jin cewa a bar ciwo ya sha iska ya bushe. Amma tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa ciwon da aka rufe da danshinsa ya fi saurin haɗewa a kan wanda aka bari ya yi ɓawo.

Duk wanda ya yi jinyar tsoho mai gyambon kwanciya ya san wahalar safiya: auduga ta manne a ƙugu, ana ɓanɓarowa jini na biyo ta, Baba ya damƙe zanin gado yana salati. Sabon naman da ya fara tohowa ne ake tsigewa kullum. Soso mai silikon, wato wanda aka shimfiɗa wa wani abu mai laushi a fuskar da ke taɓa ciwo, ba ya mannewa haka, shi ya sa muke son shi ga gyambon kwanciya, da gyambon ƙafa mai yawan ruwa.

To ga roƙonmu: ku daina buɗe shi kullum don a leƙa. A wanke ciwon da ruwan gishiri na asibiti, a tsane fatar gefe, a ɗora soson ya zarce bakin ciwon da kamar santimita 2. Yana iya yin kwana 3, wani lokaci har 7, gwargwadon yawan ruwan. Idan jiƙon ya kusa kaiwa gefe, ko ya fara yoyo, ko zufa ta ɗaga shi, a canza. Ba a wanke shi a mayar. Kada kuma a haɗa shi da haidurojin, ruwan nan mai kumfa, yana lalata soson.

Akwai inda ba za mu ba ku shawarar sayensa ba: busasshen ciwo, ciwo mai baƙin ɓawo musamman a dunduniya, da ƙuna mai zurfi. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙaramin ciwo ne a ƙafa, likita ya fara gani. Idan aka ji wari, ko mugunya ta fito, ko gefen ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya zo, asibiti za a nufa a ranar. Sannan soso ba ya maye gurbin juya majinyaci duk bayan awa 2.

In za ku zo saye, ku taho da takardar nas ko awon faɗin ciwon, mu zaɓa muku daidai girmansa. Ku duba ranar ƙarewar wa'adi, ku ƙi karɓar duk ledar da ta huje, ko daga hannunmu ne.

Naku,
Ma'aikatan shago