Mai digiri da ya koma koyon sana'a, wa zai ɗauki nauyinsa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka kan wata matsala da ke ta yawaita a zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase. Matashi ya gama digiri ko babbar difloma ta ƙasa, wato HND, ya yi shekararsa ta bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa, sai ya yanke shawarar komawa ya koyi wayarin wuta ko walda ko ɗinki, ya nemi takardar da ba ta kai wadda ke cikin akwatinsa ba. Shawara ce mai kyau, muna kuma maraba da ita. Damuwarmu ita ce da yawansu suna biyan kuɗin fom da zaton tallafin gwamnati zai biyo su, sai an yi wata biyu ana karatu su gane babu shi, su watsar da kwas ɗin, kuɗin iyaye ya bi ruwa.

Tushen abin yana cikin yadda aka jera takardun. Tsarin takardun sana'a na Ghana, wanda hukumar ilimin fasaha da koyon sana'a, wato CTVET, ke kula da shi bisa doka mai lamba 1023 ta 2020, hawa takwas ne. Biyun farko shaidar iya aikin hannu ne, na uku da na huɗu satifiket na ƙasa, na biyar HND, daga nan sai digirorin fasaha uku. Hawa huɗun farko ana ƙidaya su a ƙasa da karatun gaba da sakandare. Wanda ya sauko daga digiri zuwa ɗayansu ya fita daga rukunin da akasarin tallafin manya ke kallo.

A duba asusun bashin ɗalibai, wato SLTF, mai aiki da doka mai lamba 820 ta 2011. Tun 2022 an cire sharaɗin kawo mai tsaya wa ɗalibi, Ghana Card ta wadatar, wannan kuwa ya sauƙaƙa wa 'ya'yan zango ƙwarai. Sai dai bashin na wanda aka ɗauka a makarantar gaba da sakandare ne, a kwas ɗin da hukuma ta tantance. Satifiket na wayarin wuta a makarantar koyon sana'a bai shiga ba. Haka ma shirin biya wa 'yan shekarar farko kuɗin makaranta da aka ƙaddamar a Koforidua a 2025, na manyan makarantun gwamnati ne.

Sai mutum ya ce, to ai karatun sana'a kyauta ne. Kyauta ne ga yaron da ya rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare, wato BECE, aka tura shi makaranta ta tsarin rabon gurbi na kwamfuta, ƙarƙashin shirin sakandare kyauta da ya fara a Satumban 2017. Ɗan shekara 27 da ya zo da ƙafarsa ya nemi ajin yamma ko gajeren kwas, shi zai biya. Kuma kuɗin makaranta ba shi ne ya fi karya mutane ba. Akwai takalmin aiki, rigar aiki, testa, filaya, tef, ga kuɗin jarrabawa, ga na mota kullum. Mai koyon walda kuma sai ya tanadi gilashin kare ido da safar hannu kafin a bari ya taɓa inji.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsohon bashi. Wanda ya ci bashin SLTF a karatunsa na farko, lokacin rangwamen da ake ba shi kafin ya fara biya daga kammala wancan karatun ake ƙidaya shi. Kada ya ɗauka sabon katin ɗalibi zai tsayar da lissafin da kansa. Ya je ofishin asusun da takardar ɗaukarsa a sabuwar makaranta, ya nemi a faɗa masa a rubuce nawa ake binsa da ranar da biya zai fara, ya ajiye kwafi. Wanda kuma yake son yin difloma bayan digiri, ya yi irin wannan tambayar a rubuce kafin ya biya ko sidi ɗaya. Maganar baki a teburin ofis ba hujja ba ce ranar da lissafi ya taso.

LEAP kuwa, mai tallafa wa gidajen da talauci ya yi wa katutu tun 2008, tana duba marayu da tsofaffi 'yan 65 zuwa sama da masu naƙasa mai tsanani da masu juna biyu. Zama ɗalibi ba ya cikin sharuɗɗanta. Wanda ya bar aikin albashi inda ake cire masa kuɗin asusun fansho na SSNIT, ya tuna cewa daga yanzu shi zai biya cikakken kuɗin sabunta katin inshorar lafiya, ta hanyar danna *929# a waya.

Ga abin da muke ba da shawara. Kafin komai a tabbatar CTVET ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin, domin akwai wuraren da ke buga satifiket mai ƙyalli wanda babu ofishin da zai karɓa. Wanda ya taso yana taya wani masta aiki a Magazin ta Suame, unguwar masu gyaran motoci a Kumasi, ko ya daɗe a shagon tela, ya nemi a gwada shi ta tsarin tantance ƙwarewar da aka riga aka samu. Zai tara hujjoji, wato hotunan ayyukansa da wasiƙar mastansa, sannan mai tantancewa ya kalle shi yana aiki. Wannan kan rage watanni da kuɗi. Mai son wayarin gidaje ya san cewa dokar wayarin wuta ta 2011 ta wajabta masa lasisin Hukumar Makamashi, bayan jarrabawar rubutu da ta aikin hannu. In ba da shi ba, ba zai iya sa hannu a takardar da ake nema kafin a haɗa mita ba.

Sannan a gyara suna tun da wuri. Sau da yawa sai ka ga Ghana Card ta ce Mohammed, takardar digiri ta ce Muhammad, fom ɗin makaranta kuma ya ƙara Awudu a tsakiya, ranar haihuwa ma ta bambanta. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta ture takardun. A yi rantsuwar kotu a daidaita kafin a kai wasiƙar neman taimako ofishin majalisar ƙaramar hukuma ko na ɗan majalisa, tare da takardar ɗauka da lissafin kuɗin makaranta.

A Ingila akwai ƙa'ida a fili cewa galibi ba a ba da bashin karatu ga mai neman takardar da ta yi daidai da tasa ko ta gaza ta, amma an ware wasu fannoni kamar aikin jinya da koyarwa saboda ana ƙarancin ma'aikata. Mu ma muna iya ware namu. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka mai lamba 964 ta 2017 yana da hurumin tallafa wa ilimi da koyon sana'a. Muna kira ga shugabanninsa, da 'yan majalisar Asawase da na Ayawaso a Accra, da sarakunan zango, su buɗe ƙofa ta musamman ga manya masu komawa hawa na ɗaya zuwa na huɗu. A biya kuɗin jarrabawa da na kayan aiki kai tsaye ga makarantar, a buga sharuɗɗan da Hausa da Turanci, a kuma sanar a masallatai ranar Juma'a kafin a buɗe rajistar shekara mai zuwa.

Wassalam.

Wasu malaman koyar da sana'a,
Aboabo, Kumasi