Zuwa ga Bala, daga Birmingham

25 ga Yuni, 2025

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya damina? Da fatan an yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Saƙonka na murya ya iso tun satin da ya wuce, na so in kira sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, musamman da network ɗin ku da mutum zai yi ta alo alo har kati ya ƙare.

Ka ce ka ji a BBC Hausa ko a Facebook wai gwamnatin nan ta Birtaniya zata zaftare kuɗin naƙasassu, har kana min tsiya wai ashe su ma Turawan sun fara jin jiki. To gaskiya ne, kuma abin ya shigo har cikin gidana saboda yarona Khalifa.

Kasan yana da sikila. Yanzu shekararsa 21, yana aikin kanti na 'yan awoyi a sati, kuma yana karɓar wani tallafi da ake kira PIP. Shi wannan kuɗin babu ruwansa da ko kana aiki ko baka yi, ko kana da kuɗi a banki ko babu, ana bayar da shi ne saboda ƙarin ɗawainiyar da ciwo ke jawo wa mutum. Kashi biyu ne, akwai na harkokin yau da kullum akwai na zirga-zirga. Na yau da kullum ɗin ƙaraminsa fam 73.90 a sati babban kuma fam 110.40. Nasan yanzu ka ɗauko waya kana lissafawa a naira kana cewa ai waɗannan sun warke, dan Allah ajiye wayar. A lokacin sanyi hita bata mutuwa a ɗakin Khalifa dare da rana don sanyi na taɓa shi ciwon zai tashi, kuɗin gas kaɗai ya isa ya lashe rabin abin, ga tasi zuwa asibiti in ƙafa ta riƙe, ga magani, don a Ingila kowane magani ɗaya da likita ya rubuta fam 9.90 ne kuma sikila bata cikin cututtukan da aka yafe wa biya.

Yadda ake bayarwa shine da maki. Akwai abubuwa 10 da suke dubawa, girki, cin abinci, wanka, shiga bayi, sa kaya, shan magani, mu'amala da mutane da sauransu, kowanne a baka maki gwargwadon yadda ka kasa. In ka haɗa 8 ka samu ƙaramin, in ka haɗa 12 ka samu babban. To abin da Liz Kendall ministar ayyuka da fansho ta karanto a majalisa ranar 18 ga Maris shine daga Nuwamban 2026 haɗa makin kaɗai ba zai wadatar ba, dole sai ka samu 4 a abu guda ɗaya. A takarda kamar ba komai ba. Amma duba: wanda sai an sa masa ido ko an tuna masa wajen shiga bayi maki 2 ne. Wanda baya iya sa wando da kansa 2. Wanda sai an yanka masa abinci ƙanana kafin ya ci 2. Wanda sai an riƙe shi ya shiga ko ya fito daga bahon wanka 3. Mutum ɗaya zai iya haɗa duk waɗannan, ya tara 9, wato kullum sai wani ya tsaya a kansa tun daga wanka har cin abinci, amma a sabon tsarin a ce masa bai cancanta ba tunda babu 4 a ko ina. Wannan wurin ne yake ci min rai wallahi, don ba masu ƙaryar ciwo zai kama ba, zai kama wanda ciwonsa ya bazu ko ina a jiki kaɗan kaɗan, irin masu ciwon baya da sanyin ƙashi da irin su Khalifa.

Mun ɗauko takardarsa ta ƙarshe mun duba ni da mamansa, maki 9 gare shi, babu 4 ko ɗaya. Kuma kasan halin sikila, yau lafiya lau yana wasa da dariya gobe ko kofi baya iya ɗagawa, su kuma ƙa'idarsu sai matsalar ta kasance tana samunka fiye da rabin kwanakin shekara kafin a lissafa ta. Ga shi yaron akwai kunya irin tamu, in an tambaye shi ya jiki sai ya ce da sauƙi alhamdulillah, ko da kuwa daren jiya bai runtsa ba. A nan kuwa da sauƙin nan zai iya sa ka rasa komai, sai mutum ya zauna ya zayyana wa baƙo yadda yake fama a banɗaki dalla dalla. Ba'a saba masa ba, ni ma ban saba ba.

Su kansu gwamnatin basu ɓoye ba. Ranar 26 ga Maris da Rachel Reeves ministar kuɗi ta yi bayanin tattalin arziki suka fitar da nasu lissafin, mutum 800,000 zasu rasa kason yau da kullum nan da 2030, kowanne kimanin fam 4,500 a shekara, kuma mutum 250,000 zasu faɗa talauci ciki har da yara 50,000. Ba 'yan adawa suka faɗa ba fa, ma'aikatar ayyuka da fansho ce da kanta. Duk don a rage kusan fam biliyan 5 a shekara. Sannan akwai ɗaya tallafin na Universal Credit, kason marasa lafiya da yake kusan fam 97 a sati, sababbin masu nema daga Afrilun 2026 fam 50 zasu samu, har ana shawarar ma 'yan ƙasa da shekara 22 kar a basu kwata kwata.

Maƙwabciyarmu Baturiya ce, mijinta tsohon birkila ne bayansa ya lalace, ta bar aiki tana jinyarsa. Ita tana karɓar alawus ɗin masu jinya fam 83.30 a sati, kuma shi wannan a rataye yake da PIP ɗin mijin, in nasa ya tafi nata ma ya bi shi. Lissafin gwamnati ya ce masu jinya 150,000 ne a wannan halin. Matar nan ta ce min duk ranar da ta ga ambulan mai ruwan ƙasa irin na wasiƙun gwamnati a ƙofa sai gabanta ya faɗi, wani lokacin sai ta kawo wa maman Khalifa ta buɗe mata. Kaga mace mai shekara kusan sittin a ƙasarta ta haihuwa.

Ban ce gwamnatin bata da hujja ko kaɗan ba. Masu karɓar PIP a Ingila da Wales sun kai miliyan 3.7, sun ƙaru sosai tun bayan korona, mutum miliyan 2.8 basa aiki saboda doguwar jinya, kuma sun yi alƙawarin fam biliyan 1 na taimaka wa mutane su koma aiki da kuma dokar da zata bar mutum ya gwada aiki ba tare da an ƙwace masa tallafi ba, wannan kam na yaba. Amma in aiki kake so mutane su yi me ya kai ka taɓa PIP? Da kuɗin nan Khalifa yake hawa tasi ya je kantin ranar da baya iya tsayuwa a tashar bas cikin sanyi. Ka cire shi ka zaunar da yaron a gida kenan. Kuma zancen damfara da jaridu ke ta yayatawa, alƙaluman ma'aikatar sun nuna a PIP bata kai kashi 1 cikin 100 ba.

Abin mamakin shine Leba ce ke wannan, jam'iyyar da talakawan unguwarmu suka yi layi suka zaɓa a Yulin bara. Sun fara da zaftare kuɗin ɗumama ɗaki na tsofaffi, da suka sha ƙasa a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayu suka janye a farkon watan nan. Yanzu ma gidan nasu ya ɗau zafi, wata 'yar majalisa Vicky Foxcroft ta ajiye muƙaminta satin da ya wuce ta ce baza ta iya goyon bayan abin ba, kuma 'yan Leba sama da 100 ƙarƙashin Meg Hillier sun sa hannu a takardar neman dakatar da ƙudirin, adadin da ya isa ya kayar da Firaminista Keir Starmer in sun tsaya a kan bakansu. Ranar Talata 1 ga Yuli za'a kaɗa ƙuri'a. Ni dai na rubuta wa ɗan majalisarmu, a nan imel kake turawa kuma sukan amsa, ba sai ka je ƙofar gida ka yi zaman jiran oga ya fito ba.

Nasan me zaka ce, mu nan Buhari ya sa hannu a dokar naƙasassu tun Janairun 2019 har hukuma aka kafa amma guragu na nan a danja suna bara, ku kuna kukan daɗi. Ban musa ba. Sai dai a Kano in ciwo ya kwantar da kai akwai ƙani akwai gwaggo akwai maƙwabcin da zai miƙo kwanon tuwo ta katanga, nan kuwa da yawa tallafin nan shine danginsu gaba ɗaya. Kuma ka gaya wa Auwalu da yake ta zumuɗin bizar aikin jinya ya daina jin labarin kuɗin banza, masu biza irin tasu a rubuce yake jikin takardarsu basu da haƙƙin ko fam ɗaya daga irin wannan tallafin, haraji kawai zasu biya.

Khalifa dai ya daina kallon labarai, ya ce kansa ke ciwo. An bamu ranar ganin masu ba da shawara na Citizens Advice wata mai zuwa su duba mana takardunsa kafin lokacin sabuntawa ya zo. Ku sa shi a addu'a, a gaya wa Hajiya ma ta sa mana baki.

In Alhaji Musa zai taho a Agusta a bashi kuka da daddawa da yaji, kar a sa kilishi zasu ƙwace a filin jirgi. Ka gaida uwargida da yara, ka gaida 'yan majalisar ƙofar shagon Ɗanlami duka.

Naka,
Sani