Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ma'adanai: wa zai auna dalmar Zamfara?

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar da ta kawo ni ɗaya ce, gubar dalma. Tun da aka ɗage haramcin haƙar ma'adanai a Zamfara a ƙarshen 2024, mun sha bayani a kan tsaro da kuɗin shiga, amma har yau ina jiran ranar da za a gaya wa jama'a wanda zai riƙa auna ƙasar gidajen masu haƙa da jinin 'ya'yansu, da inda za a buga sakamakon.

Wannan jiran ne ya tuna mini da Clair Patterson, Ba'amurke masanin sinadarai da aka haifa a jihar Iowa a 1922. Malaminsa a Jami'ar Chicago, Harrison Brown, ya ba shi aikin auna dalmar da ke cikin duwatsu don a gano shekarun duniya. Duk gwajin da ya yi sai dalma ta fito fiye da kima, har ya gane cewa daga ƙurar ɗaki da ruwan famfo da tufafin mutane take shiga masa. Sai ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsafta a jami'ar Caltech da ke California, yana wanke kayan aikinsa da ruwan asid, kuma a 1956 ya buga lissafinsa na shekara biliyan 4.55, adadin da masana ke kai har yanzu.

Da wani ne, da ya miƙe ƙafa ya ci sunan da ya yi. Shi kuwa sai ya koma neman tushen dalmar da ta hana shi sakat. Ya auna ruwan teku, ya tarar na sama ya fi na can ƙasa dalma nesa ba kusa ba. Ya haƙo ƙanƙarar tsibirin Girinlan da ke can arewacin duniya, ya ga gubar tana ƙaruwa da shekaru, musamman bayan yaɗuwar fetur mai dalma, wanda aka fara sayarwa a 1923. A 1965 ya rubuta cewa jikin Ba'amurke na ɗauke da dalma kusan ninki ɗari na abin da ya kamata. Likitan da kamfanoni ke ɗaukar nauyin bincikensa, Robert Kehoe, ya daɗe yana cewa adadin da ake gani a jikin mutane ba komai ba ne, tunda kowa na da shi. Patterson ya ce cuta ta zama ruwan dare bai mai da ita lafiya ba, ya kuma maimaita hakan gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka a 1966. Ladan da ya samu shi ne janye masa tallafin bincike, sannan a 1971 aka kafa kwamitin ƙasa kan dalmar da ke cikin iska ba tare da shi ba. Ya rasu a Disambar 1995, saura makonni kaɗan Amurka ta haramta fetur ɗin a motoci gaba ɗaya.

Ranka ya daɗe, shi sai da ya je ƙarshen duniya kafin ya samo hujja. Tamu tana makabartun Dareta da 'Yargalma, inda a 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kowa ya san yadda aka yi: a kawo dutsen zinare mai ɗauke da dalma gida, a daka shi a turmi ko a niƙa shi a injin hatsi, ƙura ta sauka a tsakar gidan da yaro ke rarrafe, ya sa hannu a baki. Bagega, wani ƙauye a Anka, ta yi ta jiran kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa har 2013, sai ga shi a 2015 abin ya sake ɓulla a Rafi ta jihar Neja. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ta ɗauki nauyin jinya, ta miƙa aikin ga hukuma a 2022. Ko kuwa jira ake baƙi su sake zuwa su ƙirga mana gawarwakin 'ya'yanmu kafin a kafa wani kwamitin?

Don Allah, a sa awon ƙasa da na jini cikin sharuɗɗan lasisi, kuma kada mai lasisin ya zama shi ne mai awon, domin wannan ne kuskuren da Amurka ta yi shekara arba'in da Kehoe. Na'urar auna ƙasa a hannu ake riƙe ta, gwajin jini kuma ɗigo ɗaya ne daga yatsa. Akwai batun a riƙa jiƙa dutsen wajen niƙa nesa da gidaje, da na masu fasa tsofaffin batura masu dalma, amma a fara da awon, a kuma liƙa sakamakon kowane ƙauye da Hausa a ƙofar gidan dagacinsa.

Na gode,
Wani ɗan ƙasa daga Zamfara