A Daina Mayar da 'Ya'yanmu 'Yan Abiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon kwamfuta a Tudun Wadan Zariya, inda muke cike wa ɗalibai fom a intanet. Ka ba ni fili in yi kira ga masu gina waɗannan fom ɗin, don abin ya ishe ni.

Makon jiya wani dattijo ya kawo 'yarsa neman tallafin karatu a wata hukuma da ba zan kama sunanta ba. Layi ya yi tsawo, janareto na shan mai, yaron shagona na ta sauri. Sai da aka tura, aka buga silif, dattijon ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Malam, yaushe muka koma Abiya?" Yarinyar da aka yanke wa cibiya a Ƙofar Doka, ga ta a takarda 'yar Aba ta Arewa.

Na yi wa yaron faɗa, amma da na huce sai na ga rabin laifin ba nasa ba ne. Akwatin nan da ake latsawa jerin jihohi ya sauko, daga rumbun bayanai yake ɗebo sunayen, a jere bisa haruffa. In ba a ce masa komai ba, na farko yake nunawa, kuma Abiya ce ta farko cikin jihohi 36. Mai cikewa ya ga gurbi da rubutu a ciki, sai ido ya wuce. Ita kuma manhajar ba ta iya bambance wanda ya zaɓi Abiya da wanda ko taɓa akwatin bai yi ba. Ko an sa Kaduna daidai, tarkon na gaba: cikin ƙananan hukumominmu 23, Birnin Gwari ce a sama, mu Zariya muna can ƙarshen jeri.

Gyaran kuwa bai kai aikin minti biyar ba. A sa layi ɗaya a saman jerin mai cewa "Zaɓi jiha", wanda babu komai a bayansa, sannan a wajabta gurbin, ta yadda fom zai ƙi tafiya sai an zaɓa. Na ɗan taɓa wannan aiki, na san inda ake tuntuɓe. Wanda ya rubuta layin da hannu zai ga ya ɓace, domin zubo bayanai na share duk abin da ya tarar a akwatin. A ASP.NET, wato kayan aikin Microsoft na gina shafukan intanet, ko dai a cusa layin a gurbi na 0 (saman jeri ke nan) bayan an gama zubowa, ko a kunna AppendDataBoundItems, saitin da ke hana share abin da ke cikin akwatin. Sai dai wannan na biyun yana da nasa halin: akwatin ƙananan hukumomi yana sake cika duk sanda aka canja jiha, in ba a kwashe na baya ba, sai ka ga Aba da Soba a jeri guda.

Dattijon nan ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya haɗa da shaidar ƙaramar hukuma, ya hau a-daidaita-sahu sau biyu zuwa ofishin, har yau ana ce masa ya dawo. Na mayar masa da kuɗin aikinsa, ya karɓa da kyar. Yanzu na manna takarda a jikin kowace kwamfuta a shagon, da jan biro: "A duba jiha kafin a tura."

Naka,
Mai shagon kwamfuta,
Tudun Wada, Zariya.