Wasiƙa daga Jos zuwa ga ɗana da ya shiga aikin wallafa littattafai

Unguwar Rogo,
Jos.

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Innarka ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma fita unguwa. Na rubuto maka a takarda ne domin maganar da ke bakina ta fi ƙarfin waya, kuma ina so ta zauna a hannunka ka maimaita karanta ta.

Kawunka ya dawo daga Abuja da labari biyu a kanka. Na farko shi ne ka samu gurbi a wani kamfanin wallafa littattafai, kana duba rubutun mutane kana gyara kurakurai, kullum kana sammako daga Mararraba saboda cunkoson hanyar Nyanya. Na yi murna, na kuma gode wa Allah. Na san kana riƙe da ni a zuciya saboda yadda na ja da kai lokacin da ka ajiye aikin da aka samo maka, amma har gobe ina ganin haƙƙina na sauke, domin uban da ya yi shekaru yana koyarwa, ya ga masu baiwar rubutu da yawa sun tsufa ba su da abin biyan haya, ba zai ga ɗansa ya nufi wannan hanya ya yi shiru ba.

Tunda ka shiga, to ka shiga da gaske, kada ka raina kujerar da aka ba ka. Wanda ya iya zama da rubutun wani ya daidaita shi ba tare da ya shafe muryar mai shi ba, ya koyi rabin sana'ar. Ka matsa kusa da masu tsara shafi da masu zanen bango, ka bi su maɗaba'a ka ga yadda ake lissafin takarda, wadda yawancinta daga waje ake shigo da ita, shi ya sa kuɗin littafi ke tashi duk lokacin da dala ta tashi. Ka san yadda ake karɓo lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka san dalilin da ya sa littattafan makaranta ne ke riƙe da kamfanoni da yawa, su ne kuma masu satar fasaha suka fi kwafa. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933, daga nan ya zauna a Zariya yana aiki tare da Rupert East, Baturen da ke kula da aikin fassara da wallafa littattafan Hausa, kafin ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Adam Ibrahim, wanda aka haifa a garin nan ya kuma yi karatu a Jami'ar Jos, ya daɗe yana aikin jarida a Daily Trust kafin littafinsa ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai dala 100,000, a 2016. Dukansu sun ci abinci da aikin gyara rubutu da tace labari, suna kuma yin nasu rubutun a gefe.

Labari na biyu ne ya hana ni barci. Kawunka ya ce yaran wani babban mutum sun same ka, suna so ka rubuta tarihin maigidansu, a ƙaddamar da shi a babban zaure, kuma kuɗin da suka ambata ya zarce albashinka na shekara. Ya ce ba ka amsa ba, amma ba ka ƙi ba. Wannan rashin ƙin ne ya tsaya mini a rai.

Na san irin waɗannan littattafai. Ranar ƙaddamarwa a cika zaure da manyan riguna, babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya da miliyoyi, a yi tafi, a watse, sauran kwafin su ƙare a cikin kwali babu mai buɗe su. Ba tarihi suke nema a wurinka ba, yabo suke so a ɗaure masa bango mai kauri. Su za su zaɓa maka waɗanda za ka yi hira da su, su za su nuna maka shekarun da za ka tsallake, kuma duk inda ka rubuta gaskiyar da ba ta yi musu daɗi ba, za a ce ka sassauta, kai kuma ka riga ka karɓi rabin kuɗi ka biya haya da shi. Idan ka gama na wannan, abokinsa zai aiko, domin a garin nan da kake zaune labarin mai alƙalamin haya ba ya ɓuya. Kafin ka farga shekara goma ta wuce, kana da mota, ba ka da shafi ɗaya da za ka nuna wa 'ya'yanka ka ce wannan maganata ce.

Kai ne fa ka zauna a gabana ka ce burinka ka rubuta abin da ya sami garin nan. Kai ne ka tashi cikin abin da ya biyo bayan rikicin Satumbar 2001, ka ga kangon kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002, ka ga rikicin 2008 da na 2010 da idonka, ka san gidajen da muka daina shiga da maƙwabtan da suka tashi ba su dawo ba. Ranar da ka zo rubuta wannan, wa zai yarda da kai idan an san an taɓa biyanka ka wanke wani? Mutanen Jos, Musulminsu da Kiristansu, sun gaji da labarin da aka saya.  Maroƙi ma ya fi ka hujja, domin shi gado ya yi, a fili yake yi da kalangunsa, kowa ya san abin da ya kawo shi. Kai kuwa za ka yi roƙo ne da digiri, ka sa masa sunan bincike. Ban yarda ba, kuma ba na so in ji an ce ɗana ne ya rubuta.

Na san ba kwaɗayi ne ya sa ka tsaya tunani ba. Na san kuɗin haya da na mota a Abuja, na san albashin mai farawa ba ya kai ƙarshen wata, kuma na san kana jin nauyin tambayata. Ka daina jin nauyin. Fanshona ba yawa, amma zai ɗauki hayar ɗakinka na wasu watanni, na kuma riga na yi magana da Innarka ta amince. Akwai aikin fassara, akwai gyaran littattafan makaranta, akwai rubuta wa jarida, duk halal ne, babu wanda zai sa ka sunkuyar da kai. Ka riƙa halartar zaman Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda ke da unguwar marubuta a Mpape, ka karanta musu abin da ka rubuta, ka jure sukarsu.

Game da naka littafin kuwa, idan lokacinsa ya yi, kada ka sa hannu a kowace yarjejeniya sai Yayarka ta karanta ta, tunda aikinta ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutunka tsawon rayuwarka da shekara 70 bayanka, amma sa hannu ɗaya cikin gaggawa yana iya miƙa shi ga wani. Ka tabbatar an rubuta kasonka na ciniki da lokacin biyansa, da shekarun da kamfani zai riƙe littafin. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin bugu gaba ɗaya, to ɗan kwangilar buga takarda ne, kada ka ba shi haƙƙin komai.

Ina so ka ba mutanen nan amsa cikin ladabi kafin ƙarshen watan nan, sannan ka rubuto mini abin da ka faɗa musu. Innarka ta ba direban da ka sani dankali da dambun nama, ka je tasha ka karɓa ranar Asabar. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka.